Idan Hannun Jan Fim Ya Cije

(Kiɗan buɗe shiri)

 Yau zancen tsohuwar kyamara za mu yi, irin wadda ake ɗura wa fim, musamman mai awon nisa. Wanda ya taɓa leƙa tagarta ya san ta: a tsakiya akwai ɗan fili mai haske inda abu ɗaya ke bayyana biyu, kana murɗa gilashin gaba suna matsowa, da zarar sun haɗe sun zama ɗaya, to hoto ya zauna. Kamfanin Leitz na garin Wetzlar a Jamus ya fito da Leica II mai wannan tsari a 1932, a shekarar kuma Zeiss Ikon ya fito da Contax. Tarayyar Sobiyat ta kwaikwayi Leica ta yi FED a birnin Kharkiv daga 1934, ta yi Zorki a kusa da Mosko daga 1948, ta kuma yi Kiev bisa tsarin Contax. Daga baya Japan ta cika duniya da Canonet da Yashica da Minolta da Olympus.

Da yawa daga cikin waɗannan kyamarori suna nan da ransu. Wata tana cikin akwatin mahaifi, wata tana tsohon shagon hoto, wata kuma matashi ne ya saya don ya koyi aiki da fim. Ƙorafin da aka fi ji a kansu shi ne, hannun jan fim ya cije, ya ƙi gaba. Roƙona gare ku tun daga farko shi ne, idan haka ta faru, a ɗauke yatsa. Mafi yawan cijewar nan ba lalacewa ba ce, kyamarar tana jiran a yi mata wani abu ne. Lalacewar gaske tana zuwa lokacin da mutum ya sa ƙarfi, kuma ƙarafan da ke karyewa a cikinta an daina ƙera su tun shekaru da dama.

Ga wata a hannuna, bari in matso da ita kusa da makirfo. Ku saurara.

(Ƙarar jan hannu, sai ƙarar danna maɓalli)

Wannan ja ɗaya da kuka ji, aiki uku ya yi. Ya matsar da fim, ya ɗana ƙyauren haske, wato shota, ya kuma ƙara ɗaya a maƙirgin hotuna. Fim ɗin da ake sa mata faɗinsa milimita 35 ne, yana da hudoji a jere a gefensa na sama da na ƙasa. A cikin kyamara akwai gargare mai haƙora da ke shiga waɗannan hudoji. Kowane hoto hudoji 8 yake ci, wato milimita 38: hoton kansa ya ɗauki 36, sauran 2 su zama tazara tsakaninsa da na gaba. Wannan gargaren shi ne mai awo. A gefe kuma akwai kwarkwaron da fim ke naɗuwa a jikinsa, shi aikinsa kwashewa kawai. Da yake naɗin yana ƙara kauri yayin da ake ɗaukar hotuna, an sa wa kwarkwaron wani ɗan kuloci da ke barinsa ya riƙa sulɓewa, don kada ya ja fim fiye da abin da gargare ya auna.

Sai abu mafi muhimmanci. Masu ƙira sun sa wata 'yar sakata tsakanin hannu da maɓalli, don kada a ɗauki hoto biyu a wuri ɗaya, kada kuma a wuce wuri ba a ɗauka ba. Idan ka ja hannu, ba zai sake jawuwa ba sai ka danna maɓalli. Idan ka danna, maɓalli ba zai sake dannuwa ba sai ka ja hannu har ƙarshensa. Saboda haka duk abin da ya hana shota kammala aikinta, a hannun jan fim zai bayyana, alhali shi hannun lafiyarsa lau.

To, ya cije. Fara da tambaya mafi sauƙi: ko dai a ɗane take? Danna maɓalli. Idan bai dannu ba, duba ko akwai makulli a gindinsa, domin Yashica Electro 35 da wasunta suna da ɗan zobe da ake juyawa a kulle shi. Idan ba shi ba ne, tura hannun a hankali ka ji ko akwai saura, wataƙila jan da ka yi a baya bai kai ƙarshe ba.

Daga nan dubi maƙirgi. Idan yana wajen 24 ko 36, fim ne ya ƙare, kuma sau da yawa a tsakiyar ja yake ƙarewa, hannu ya tsaya cak a rabin hanya. A nan mutane da yawa ke yin ɓarna, don son ƙarin hoto ɗaya. Idan ka matsa, ko haƙoran gargare su yage hudojin fim, ko fim ɗin ya tsinke daga gwangwaninsa gaba ɗaya. Danna maɓallin mayarwa da ke ƙarƙashin kyamara, hannun zai saki ya ƙarasa tafiyarsa, sai ka naɗe fim ɗinka ya koma gwangwani.

Masu Canonet, ku matso kusa. Canonet G-III QL17, wadda aka ƙera daga 1972 zuwa 1982, an yi ta fiye da miliyan ɗaya, don haka tana cikin waɗanda aka fi samu. Idan zobenta yana kan harafin A, ita ke zaɓar girman ƙofar haske, kuma idan haske ya yi kaɗan ko ya yi yawa, ko batir ya mutu, sai ta kulle maɓalli da gangan. Olympus 35 RC ma haka take yi. Batirin asali da aka yi su dominsa mai sinadarin makuri ne, an daina yinsa, don haka yawancin waɗanda aka tono daga akwati ba su da wuta. Kawar da zoben daga A zuwa kowace lamba, ka danna. Idan ta harba, babu abin da ya same ta, batir take so.

Akwai kuma agogon jinkiri, ɗan hannun nan da ake ja don mai hoto ya ruga ya shiga sahu. A tsohuwar kyamara shi ne sashen da ya fi kowane daɗewa ba a motsa shi ba, shi ne kuma ya fi saurin maƙalewa. Idan aka ja shi ya tashi ya tsaya a hanya, shota ba za ta harba ba, hannu kuma ba zai jawu ba. Abin da za a iya yi a gida shi ne a danna maɓalli a riƙe, a ɗan taimaka wa ɗan hannun da kan yatsa ta wajen da yake tafiya, sannu-sannu, ana jin kukansa yana ci gaba har ya sauka. Kada a mayar da shi baya da ƙarfi. Shawarata ita ce, kyamarar da ba a wanke cikinta ba, a bar agogon jinkirinta ya huta, ko don gwaji kada a taɓa shi.

Wasu kyamarorin kuma ɗabi'arsu ce kawai ba a sani ba. Leica M3 ta fito a 1954, kuma na farkonta sau biyu ake jan hannunsu kafin hoto ɗaya, sai a 1958 aka mayar da su ja ɗaya. Wanda bai sani ba zai ja sau ɗaya, ya danna, ya ji shiru, ya ɗauka ta mutu. Voigtländer Vitomatic ita kuma fim ne ke juya mata gargare, gargaren ya ɗana shota. Idan babu fim a ciki, ko ka wuni kana jan hannu ba za ta harba ba. Buɗe bayanta ka gangara gargaren da babban yatsa har ka ji ya tsaya, sannan ka danna.

Wadda na fi tausaya wa ita ce Kodak Retina, da aka ƙera a Stuttgart. A samfurori irin su IIc da IIIc, maƙirgi baya-baya yake ƙirga, daga 36 yana saukowa, yana nuna hotunan da suka rage. Da ya iso kan 1 sai hannu ya kulle, ko da fim ko babu. An yi haka ne don a kare fim daga yagewa. Maganinsa ɗan ƙaramin abu ne: a danna ɗan maɓallin da ke sama kusa da maƙirgi, a zuga wanda ke bayan kyamara, lamba ta wuce 1, shi ke nan hannu ya saki. Amma a cikin Retina akwai wata siririyar sanda mai haƙora wadda ke kai motsin hannu zuwa ga shota, kuma ba ta jure tilas. Mutum ya samu kyamara mai shekara saba'in da lafiyarta, ya ga ta cije a kan 1, ya danna da ƙarfi, haƙoran su zube. Wannan asara tana ci mini rai, domin sanin abu ɗaya tak zai hana ta.

(Ɗan kiɗa)

Masu sauraro, idan yanzu kuka kama tashar, muna magana ne kan tsofaffin kyamarori masu fim da matsalar jan fim a cikinsu.

Yanzu sai kishiyar waccan matsala, wadda ta fi ta zafi saboda ba ta nuna kanta. Hannu yana tafiya sumul, shota tana harbawa, maƙirgi yana ƙirga, amma fim yana nan inda aka ajiye shi. Harshensa ya zame daga kwarkwaro tun farko. Mutum ya ɗauki ɗaurin aure ko hawan salla, ya kai wanki, a miƙo masa fim fari fat babu ko inuwa. Maƙirgi ba shaida ba ne, domin a yawancin kyamarori jan hannu yake ƙirgawa, bai san ko fim ya motsa ba. Shaidar tana wajen mamurɗin mayarwa da ke gefen hagu. Bayan ka rufe kyamara, juya shi a hankali ta wajen kibiya, ba tare da danna maɓallin ƙasa ba, har ka ji ya ɗan yi tauri. Ka kwashe sakwarkwacin da ke cikin gwangwani ke nan. Daga nan duk lokacin da ka ja hannu, sai ka ga mamurɗin yana juyawa da kansa. Idan yana tsaye ƙyam, fim ba ya tafiya. Canonet mai QL ta ƙara sauƙaƙa abin: a bayanta akwai 'yar taga mai layuka ja da fari da ke rawa idan fim yana motsi.

Wani dalilin kuma shi ne an bar kyamara a yanayin mayarwa. A tsofaffin Leica akwai ɗan hannu a sama mai haruffa A da R, idan yana kan R gargare sake yake. A Zorki 4 zobe ne da ke kewaye da maɓalli. A na Japan maɓallin ƙasa ne, wanda ya kamata ya fito da kansa a ja na gaba, amma datti kan riƙe shi a ciki. Gwajin ba wuya. Buɗe baya babu fim, ɗora yatsa a kan gargare, ka ja hannu. Idan kana jin haƙora suna ture yatsanka, ya kama. Idan yatsa ya tsayar da shi, ko yana juyawa gaba da baya yadda ka so, bai kama ba.

Bari mu daɗe kaɗan a kan waɗanda ake ɗura wa fim ta ƙasa, wato tsofaffin Leica kafin M3, da FED ta farko, da Zorki ta farko. Bayansu ba ya buɗewa. Murfin ƙasa ake cirewa, a zura fim ta wani siririn tsagi, ido ba ya ganin abin da ke faruwa a ciki. An ƙera su ne a zamanin da fim ke zuwa da dogon harshe, fim ɗin yau kuwa harshensa gajere ne. Idan aka zura shi haka, gefensa na sama sai ya sarƙe a bakin tagar hoto, ya tsage, gutsurensa ya faɗa cikin labulen shota ko tsakanin giyoyi. Gutsuren da bai kai farce ba ya isa ya tsayar da kyamara baki ɗaya. Don haka sai a sa almakashi a tsawaita harshen ya kai kamar santimita 10, a bi faɗin harshen da ya zo da shi, a ƙarasa yankan da lanƙwasa mai laushi ba kusurwa ba. A kula sosai, yankan ya fita ta tsakanin huda biyu, kada ya ratsa huda, domin hudar da aka ratsa ita ce mafarin yagewa. Kamfanin Leitz har wani ƙarfen awo ya yi don wannan yanka, mai suna ABLON. Bayan an zura, kafin a mayar da murfi, a leƙa a tabbatar haƙoran gargare sun shiga hudoji.

Masu Zorki da FED, akwai doka guda da ba a karya ta. A ja fim tukuna, sannan a sauya saurin shota. A irin su Zorki 4, wadda aka yi daga 1956 zuwa 1973 har fiye da miliyan 1.7, da FED 3, faifan lambobin sauri yana juyawa duk lokacin da aka harba, kuma sai a ɗane lambar ke fuskantar alamarta daidai. Idan aka ɗaga shi aka juya kafin a ɗana, wani ɗan tsinke da ke ƙarƙashinsa kan sauka inda bai kamata ba, ya yi karo da sashen da ke kula da jinkirin shota. Ja na gaba sai a ji ya cije, idan kuma aka matsa, tsinken ya lanƙwashe ko ya karye. Idan za ka miƙa wa aboki irin wannan kyamara ya duba, faɗa masa dokar kafin ta bar hannunka.

To idan ɓarna ta riga ta auku fa, fim ya tsinke a ciki, kana murɗa mamurɗin mayarwa kana jin sa sakayau? Hotunanka suna nan naɗe a kwarkwaro, haske ne kaɗai zai kashe su. Kada ka buɗe. Jira dare, ka shiga ɗaki, ka rufe ƙofa da taga, ka kashe fitila, ka bar waya a waje, ka cire agogon hannu idan mai ƙyalli ne. Zauna na ɗan lokaci ido ya saba, idan kana iya ganin tafin hannunka, duhun bai isa ba, sai ka shiga ƙarƙashin bargo mai kauri. Jar fitilar ɗakin wanki ta takardar hoto ce, fim kam tana ƙona shi. Da lalube za ka buɗe baya, ka danna maɓallin mayarwa don gargare ya saki, ka kamo bakin fim ta gefe-gefe, kana jawowa kana naɗewa a hankali, ba ka taɓa fuskarsa. Saka shi cikin baƙar robar fim, ba fara mai nuna ciki ba, ka rufe, ka naɗe da salatif, ka rubuta a jiki don mai wanki ya san a duhu zai buɗe. Da safe ka duba cikin kyamara da kyau, ka tsince duk gutsure da hantsaki, amma kada komai ya taɓa labulen shota.

Fim ɗin da aka wanke ma yana ba da labari, a ɗaga shi a haske a duba. Idan hotuna suna hawa kan juna, ko tazararsu tana faɗi tana tsukewa, yawanci kulocin kwarkwaro ne ya gaji ko ya yi datti, kuma an san Kiev da wannan. Idan hudoji sun yayyage a jere, fim yana shan wahalar fitowa daga gwangwani, ko mamurɗin mayarwa ya yi tauri, ko kuma yatsan mai hoto yana danne shi lokacin ja.

Saura tauri na tsufa. Giris ɗin da aka sa wa giyoyi shekara hamsin ko sittin da suka wuce yakan daskare kamar tsohon kakide. A ƙasarmu kuma ƙurar hunturu tana shiga ta cakuɗa da shi, zafin bazara yana narkar da mai ya gangaro kan ganyayyakin shota su manne da juna, damina kuma ta kawo tsatsa. Soson da ke toshe haske a bakin murfin kyamarorin Japan shi ma yana ruɓewa, ɓarɓashinsa ya bi fim ya shiga ciki. Ina roƙonku, kada a ɗiga mata man keken ɗinki, kada a fesa WD-40, balle kananzir. Za ta saki na kwana biyu, sannan man ya bi ya hau gilashi da shota, gyaran da zai zo da sauƙi ya zama babba. Ganyayyakin shota a bushe aka yi su su yi aiki. Abin da take bukata shi ne a kwance ta, a wanke tsohon giris, a sa sabo ɗan kaɗan a inda ya dace.

Masu Yashica Electro 35, wadda ta fara fitowa a 1966, ku ma ga taku alamar. Idan kun fara jan hannu kuka ji wani ƙwas mai ƙarfi a ciki, kada ku tsorata, lafiya ce. Akwai wata 'yar roba a cikinta da ke tura sandar wuta ta koma mazauninta. Idan robar ta ruɓe, ƙarar sai ta ɓace, awon haske ya rikice. Sauya ta aikin mai gyara ne.

Mai gyaran fa, a zaɓe shi da natsuwa. Shahararren mai hoton nan na Bamako, Malick Sidibé, wanda ya rasu a 2016, a lokacin rayuwarsa bayan ɗaukar hoto gyaran kyamara ma yana yi, shagonsa cike yake da su a kan kantoci. A garuruwanmu ma tsofaffin masu shagon hoto sun san wanda ke yi musu gyara a da, su za a fara tambaya. Idan sai mai gyaran agogo aka samu, yana da sanyin hannu da ƙananan kayan aiki, amma a tambaye shi ko ya taɓa buɗe irinta. A tuna masa cewa a wasu kyamarori akwai kusoshi masu kwancewa ta hannun dama, kuma kusoshin na Japan suna son sukudireba irin tasu, idan aka sa wata sai kansu ya cinye. In ya ce bai sani ba, a gode masa, a dawo da ita gida yadda take.

Idan an karɓo ta daga gyara, ko an sayo ta, kada a fara da fim mai tsada. A nemi tsohon fim da ya riga ya lalace a ajiye shi don gwaji. A ɗura shi, a bar baya a buɗe idan mai buɗewa ce, a sa alƙalami a shata gefen tagar hoto a jikin fim bayan kowane ja, har ƙarshe. Sai a zaro a duba: kowane zane ya rabu da na gabansa da tazara iri ɗaya, hudoji kuma babu wadda ta yage. Sannan a rufe baya a sake zagayawa da shi, ana kallon mamurɗin mayarwa, a kuma naɗe shi ya koma gwangwani don a ji yadda mayarwar take.

Lokaci ya cim mana. A mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu duba ita kanta tagar awon nisa, abin da ke sa hotunan nan biyu su ƙi haɗuwa, da yadda ake gane ko saitinta ya goce. 

(Kiɗan rufe shiri)